Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Batun Kebul ɗin Ɗakin Kwamfuta

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Wasiƙar wannan karo kusan magana ɗaya ce, kuma na san da yawanku kun riga kun ji ta a bakin yara, wasu daidai, wasu da ƙari.

Ramin nan da aka haƙa daga ofis zuwa ɗakin kwamfuta, wanda ake ta tambayata yaushe za a cike shi, da tuni an cike shi. Abin da ya kawo tsaiko shi ne, ranar Talata da aka fita tara wasu ɗalibai suka tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita, suka jawo kebul ɗin daga bakin bututu, suka naɗe shi a hannu kamar igiyar guga. Daga waje lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Sai da ma'aikata suka sa na'urar gwaji aka gane ya karye a ciki. Na san waɗanda suka yi, kuma iyayensu sun sami takarda ta daban. Ba zan ambaci suna a nan ba.

Dalilin da ya sa raina ya ɓaci shi ne, wannan ba irin wayar da muka saba gani ba ce. Fayiba ce. Idan aka feɗe baƙar robar, abin da ke ciki zaren gilashi ne, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na milimita, wato kusan silin gashi. A tsakiyar wannan zaren kuma akwai wata hanya da ta fi shi siranta nesa ba kusa ba, kimanin kashi 9 cikin 1,000 na milimita, kuma ta nan haske ke bi ɗauke da saƙo. Gilashin da ya kewaye hanyar shi ke mayar da hasken ciki duk lokacin da ya nemi fita, haka zai yi ta tafiya kilomita da yawa bai ɓace ba. In an lanƙwasa zaren fiye da kima haske ya zube, in an matsa ya karye. Gyaransa kuma ba a murɗa shi a naɗe da salatif. Sai an zo da na'urar da ke daidaita bakin zaren biyu ta narka su da tartsatsin lantarki su zama ɗaya, kuma ita muke jira yanzu.

To ga roƙona, kuma da gaske nake. An ga yara suna tsintar guntayen da ma'aikata suka yanke. Don Allah yau ɗin nan ku duba jakunkuna da aljihun yaranku. Guntun zaren gilashi ya fi ƙaya sharri, domin idan ya shige fata ba a ganinsa balle a cire shi cikin sauƙi, ina ga ido ko bakin ƙaramin yaro. Wanda ya samu kada ya taɓa da hannu, ya ɗauke shi da salatif, ya sa a kwalba mai murfi ya aiko mana. Ba za a hukunta yaron da ya dawo da shi ba. Haka kuma ku ja musu kunne kada kowa ya leƙa bakin fayiba don ya ga ko akwai haske. Hasken da ke bi ta ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya lahanta ido.

A taronmu da ya wuce wani uba ya tambaya, me ya hana a ja waya irin ta ɗakin kwamfuta kawai a huta? Tambaya ce mai kyau, kuma ban ba shi amsar da ta gamsar ba a ranar. Wayar da ke cikin ɗakin, wadda ake kira Cat6, jan ƙarfe ce, silli takwas da aka murɗe bibbiyu don kada hayaniyar lantarkin da ke kusa ta dagula saƙo. Tana aiki sosai, sai dai iyakarta mita 100, kuma tsakanin ofis da ɗakin ya haura haka. Ga kuma tsawa. Jan ƙarfen da ya ratsa fili daga gini zuwa gini yana iya kwaso ƙarfin tsawa ya shigo da shi ya ƙona duk na'urar da ke haɗe da shi, gilashi kuwa ba ya ɗaukar lantarki. Shi ya sa aka ja fayiba tsakanin gine-ginen, aka bar jan ƙarfe daga akwatin rarraba layi zuwa kowane tebur. Masu cewa ai Wi-Fi ya wadatar, su sani ita ma na'urar da ke bangon da kebul ake ciyar da ita, kuma aji guda idan suka hau lokaci ɗaya, layin kebul ba ya yanke musu kamar yadda na iska ke yi.

A nan dole in yaba wa malamin kwamfuta. Tun da aka fara aikin nan shi ke riga kowa zuwa, shi ke rufe ƙofa. Kowace waya ya liƙa mata lamba a kai da gindi, ya zana taswirar inda kowacce ta bi, don ko bayan ba ma nan wanda ya zo ya san inda zai sa hannu. Ɗaliban babban aji kuma ya zaunar da su suna koyon haɗa kan waya da kansu: ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, kowane launi da abokinsa fari mai ratsi, kowanne da gurbinsa. Silli ɗaya ya kauce, layi ba zai tashi ba. Na tsaya na ga wata yarinya ta yanke nata sau huɗu, a na biyar fitilun na'urar gwaji takwas suka kama a jere. Da kowa zai riƙi aikinsa haka, da ba ni da abin rubutawa. Shi ne ma ya ba su labarin Charles Kao, wanda a 1966 ya nuna cewa datti a cikin gilashi ne ke cinye haske, in an tace shi zai kai saƙo nesa. A 1970 kamfanin Corning ya samar da irin wannan gilashin, a 1988 aka shimfiɗa fayiba ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika tsakanin Amurka da Turai, shi kuma Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Irin wannan zaren ne yaranmu suka naɗe a hannu.

Sai ku iyaye masu kawo yara a mota da babur. An sa alama, an sa igiya, mai gadi yana ta fama, amma har jiya na ga wanda ya sa taya a bakin ramin don ya rage taku goma. Bututun roba ne, kuma ba a rufe shi ba tukuna. Idan babba ya tsallake igiya a gaban yaro, da wane baki zan hana yaron? A tsaya a wajen ƙofa har sai mun sanar.

Darasin kwamfuta yana nan, ana yin abin da ba ya buƙatar intanet kafin a gama gyara. Jadawalin jarrabawa bai canja ba. Makara ta sake dawowa, musamman a ƙananan azuzuwa, kuma an san lokacin rufe ƙofa. Taron iyaye da malamai yana nan a ranar da aka tsayar, kuma duk mai son ganin zaren nan da idonsa, malamin kwamfuta zai ajiye guntu a cikin kwalba a kan teburin shiga.

Na gode da haƙurinku. Allah Ya raya mana yaran nan.

Wassalam,
Shugaban Makaranta