Komawar Jarumi Gida a Adabin Girkawan Dā

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a shafinku na adabi. Na yi shekaru ina koyarwa, kuma na lura ɗalibai sun fi ɗokin labarin yaƙin Taroy, birnin da Girkawan dā suka kai wa yaƙi. Ni kuwa abin da ya fi taɓa ni shi ne komawa gida, wanda Girkawa ke kira nostos.

A waƙar Homa, mawaƙin Girkawan dā, jarumi Odisiyus ya yi shekara 10 a fagen fama a Taroy, ya ƙara wasu 10 a hanya kafin ya taka tsibirinsa na Itaka. Ya shiga gidansa cikin tsummokaran mabaraci, ya tarar da manema 108 sun tare, suna cin dukiyarsa suna neman matarsa Fenelofi. Tsohon karensa Argos, yana kwance kan tarin taki, ƙwari sun addabe shi, ya kaɗa wutsiya, ya saukar da kunnuwa, sannan ya mutu. Duk sanda na kawo nan a aji, sai muryata ta yi rawa. Tsohuwar da ta rene shi ta gane tabon ƙafarsa tana wanke masa ƙafafu. Fenelofi kuwa, mai wayo, ba ta sakankance ba sai da ta gwada shi da sirrin gadonsu, wanda ya sassaƙa a kututturen zaitun.

Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa a Taroy, ya riga Odisiyus isa gida, amma matarsa ta kashe shi a wurin wanka, kamar yadda Eskilus, marubucin wasan kwaikwayo, ya nuna a birnin Atina a shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Don Allah ku ware wa waɗannan labarai mako guda.

Naku,
Tsohon malamin adabi