Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin da sauƙi, kodayake muryarka a waya ta nuna min cikin nan bai sake ka ba. Ka ce min, "Olsa ce kawai, Mama," alhali ba wanda ya gwada ka. Kai ka raɗa wa ciwon suna, kai kuma ka rubuta wa kanka magani.

Ciwon da ya shafe watanni yana lafawa yana tashi ya wuce a yi ta lalube a duhu. Ko da gyambon cikin ne, ai yana da sanadi, kuma galibi ɗayan biyu ne. Akwai ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostiraliya Barry Marshall da Robin Warren suka gano a 1982. Akwai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Wannan ya fi tayar min da hankali, don na san ka da haɗiyarsu da zarar baya ya riƙe, ko da ba komai a cikinka. Ita ƙwayar, gwajin bahaya ko na numfashi ke bankaɗo ta, a kashe ta da maganin kwana 10 zuwa 14. Sai dai omeprazole ɗin da kake sha, maganin nan na rage tsamin ciki, kan ɓoye ta, shi ya sa ake dakatar da shi mako 2 kafin gwaji. Ka gaya wa likita kana shansa.

Mai yiwuwa ma ba gyambo ba ne. Tsakuwar maɗaciya kan soki mutum ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, bayan ya ci abu mai maiƙo, kuma hoton ciki ke nuna ta. Tsutsar ciki ma tana nan.

Kafin ka je asibiti, ka rubuta a takarda: inda yake maka ciwo, wurin da za ka iya ɗora yatsa, da yunwa yake tashi ko bayan ka ci, yana tashinka cikin dare, yaya bayan gida yake. Kar ka ji kunyar wannan na ƙarshen, likita na buƙatar jinsa.

Idan ka ga bahaya baƙi ƙirin, ko aman jini, ko haɗiya ta fara wuya, ko kana ramewa ba dalili, ko idanunka sun yi ɗorawa, kar ka jira gari ya waye. In sun ce za su zura na'ura mai kyamara ta maƙogwaro su duba, ka yarda, ba ta daɗewa.

Ka je cikin makon nan don Allah, ka kira ni da abin da suka ce. Allah ya ba ka lafiya.

Mahaifiyarka