Na'urar da ba ta iya cewa "ban sani ba"

Gwammaja, Kano, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Manchesta, ya Hajiya da yara? Na san laifina ya kai a tsayar da ni gaban alƙali, wata biyar ban ce maka uffan ba. To kai ma ba ka da bakin magana, tun hoton nan da ka turo ka naɗe kai kamar buzu mai gadi ban sake jin ɗuriyarka ba. Akwai maganar filin nan da nake so mu yi, amma bari in fara sauke abin da ya hana ni barci.

Autanmu ya sayo waya a Farm Centre, ya cika ta da manhajojin ƙirƙirarriyar basirar nan da suka game duniya tun ƙarshen 2022. Ka san ni da taurin kai, sai da ya zauna a kan tabarmata ya ce, "Yaya, don Allah gwada ko sau ɗaya." Na ba ta lissafin da ɗalibaina 'yan aji shida suke zufa a kansa. Kafin in kai kofin shayi baki ta warware shi, mataki bayan mataki, da Hausar da ba ta da laifi sosai. Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara 19 ina cin alli.

Sai na ɗana mata tarko. Na ce ta ba ni tarihin Kaka, na faɗi sunansa, na ce marini ne a Ƙofar Mata. Mutumin da ko hotonsa ba mu da shi, balle a ce wani ya taɓa rubuta shi a takarda. Ai kuwa ta zuba! Ta ba shi shekarar haihuwa, ta tura shi fatauci Agadas, har da sarautar da ko a mafarki bai riƙe ba. Ko ɗar babu. Auta ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na yi tagumi, don maganar Imamu Malik ce ta faɗo mini, wadda Malam ya sha maimaita mana a zaure: an yi masa tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki. Malamin Madina guda! Wannan kuwa da na ce mata ƙarya take, nan take ta ba ni haƙuri ta ƙirƙiro wata sabuwa.

Auta ya yi mini bayanin yadda take aiki. Wai an ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, daga nan ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ita ba gaskiya take farauta ba, zance mai kama da gaskiya take haɗawa. Na ce ashe gardi ne da ya haddace bai san fassara ba, na yi dariyata na kwanta.

Can cikin dare abin ya juyo kaina. To ni fa? Kullum ina faɗa wa yara duniya ke kewaya rana, yaushe na auna? A littafi na gani, na haddace, nake maimaitawa. In aka tsince abin da na ji a bakin wasu daga cikin kaina, abin da zai rage ba zai cika ludayi ba. Wani mutumin ƙasarku, Alan Turing, a nan jami'ar garinku yake aiki a 1950 lokacin da ya kawo gwajinsa: ka yi hira a rubuce da wanda ba ka gani, in ka kasa gane mutum ne ko na'ura, to da wace hujja za ka hana ta sunan mai tunani? Da a ce ni aka saka bayan labule ranar Litinin da safe, ban tabbata zan ci jarrabawar ba. Kai kuwa ko shakka babu za ka faɗi, mutumin da yaro ɗan shekara 10 ya cinye a dara a gaban surukansa. Kada ka ce Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa ta chess, ma kwamfuta ta doke shi a 1997, shi aƙalla kwamfuta ce.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali Kaka ne dai. Ka tuna yadda yake durƙusawa bakin karofi da sassafe, ya motsa ruwan baba, ya dubi kumfar, ya sunsuna, ya ce "bai yi ba, sai jibi"? Ka tambaye shi dalili, sai ya harare ka. Bai iya faɗa ba, amma ya sani, kuma in ya kuskure turmin mutane ne zai lalace, shi zai biya daga aljihunsa, shi za a nuna da baki a Kurmi. Har ya koma ga Allah hannunsa shuɗi ne zuwa gwiwar hannu. Ina ganin sanin da mutum zai ji kunya a kansa daban yake da wanda ba ya jawo wa mai shi asarar ko sisi. Sai dai ban gama yarda da kaina ba, don likitan da ya karanta ciwo a littafi bai taɓa yin sa ba, kuma yana warkarwa. Kai da ka yi falsafa har ta ƙone maka gashin kai, warware mini.

Af, ango ya dawo daga Kaduna da tumbi, wai duk girkin amarya ne. Uwargida ta daina yi masa magana sai ta bakin yara. Mai shayin bakin layinmu kuma ya ƙara kuɗin ƙwai, majalisa ta yi yajin aiki na kwana biyu, yunwa ta mayar da mu.

Abin haushi, jiya da manhajar nan na shirya tambayoyin gwajin mako, a ɓoye, kuma sun yi kyau. Kada ka kuskura Auta ya ji.

An ɗauke wuta, da fitilar waya nake ƙarasawa. Inna tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare, wannan karon a haɗo biyu.

Naka,
mutuminka na Gwammaja