Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarki Kan Tace Dutsen Jan Ƙarfe

Allah ya ja zamanin Sarki,

Bayan gaisuwar ban girma, mu al'ummar da ke maƙwabtaka da masana'antar tace dutsen jan ƙarfe, tare da 'ya'yanmu masu aiki a cikinta, mun kawo kukanmu gaban Mai Martaba. Kamfanin yana neman yardar fada don faɗaɗa aikinsa. Roƙonmu shi ne kada a sa masa albarka sai ya yarda zai kafa dogon tankin kumfa a matakin ƙarshe na tacewa.

Ranka ya daɗe, a yawancin mahaƙun duniya yau jan ƙarfen da ke cikin dutse bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Niƙa shi ake yi ya zama gari, a dama da ruwa, a zuba maganin da ke sa ƙwayoyin ma'adinin su guji ruwa, sannan a hura iska. Masu jan ƙarfe su manne wa kumfa su taso, tarkacen dutse ya zauna ƙasa. Tankunan da kamfanin ke aiki da su farfela ke kaɗa su da ƙarfi, kumfarsu kuma ba kauri, shi ya sa lallausar laka ke bin ruwan da ke tsakanin kumfa ta haye tare da mai kyau. Wannan lakar ce ake lodawa a manyan motoci a matsayin kaya, su bi ta ƙofar gidajenmu dare da rana suna kashe mana hanya.

Dogon tankin da muke magana a Kanada aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1960, aikin Pierre Boutin da Rémi Tremblay, ya kuma karɓu a masana'antu daga shekarun 1980. Tsayinsa kan kai mita 10 ko fiye, ba shi da farfela. Damammen garin yana shiga daga can sama ya riƙa saukowa, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, su haɗu a hanya cikin natsuwa. A bakin tankin kumfa kan taru ta kai kusan mita ɗaya, ana yayyafa mata ruwa mai tsabta wanda ke ɗauraye lakar ya mayar da ita ƙasa. Wannan ɗaurayar ita ce sirrin abin.

Ga lissafi mai sauƙi a matsayin misali: jan ƙarfen da mota 7 za su ɗauka idan jan ƙarfen da ke cikin kayan kashi 20 cikin 100 ne, mota 5 sun ishe shi idan ya kai kashi 28. Kamfanin ma riba ce gare shi, domin kuɗin dako da na narkawa bisa nauyin kaya ake biyansu, laka ko ma'adini. Abin da ya sa yake jan ƙafa shi ne ya ba mu mamaki.

Mun san tankin yana da nasa rauni. Manyan ƙwayoyi sukan suɓuce masa, bututun hura iska kuma sukan toshe idan ba kulawa. Don haka tsofaffin tankunan su ci gaba da aiki a matakin farko, su kuma kama abin da ya kuɓuce wa sabon. Haka nan ba zai magance tafkin lakar da ke bayan masana'antar ba, wannan koke ne na daban da za mu kawo.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira shugabannin kamfanin gabansa, a sa su fara gwaji da ƙaramin tanki a kan dutsen da suke haƙa, tun da kowane dutse da halinsa. A auna kayan kafin gwajin da bayansa a ɗakin awo mai zaman kansa, a karanta sakamakon a fada wakilanmu na zaune. Idan an kafa babban tankin, a koya wa matasanmu sarrafa shi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Wakilan al'umma da na ma'aikatan masana'anta