Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Tawa: a buɗe mana zauren tarihin Adar

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin lakkwal ne a nan garin Tawa, kuma koke na kawo maka.

A watan jiya jikata ta zo da littafinta tana haddar sunayen sarakunan Faransa. Na ce mata, "To, wane ne Agabba?" Ta yi shiru, can ta ce ko ɗan kokawa ne. Ban ga laifinta ba, domin ni ma shekara da shekaru ina gaban allo ban taɓa ba yara labarinsa yadda ya kamata ba. Alhali Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, shi ne ya karya ikon Kabi a ƙasar nan wajen 1674, kuma daga zuriyarsa sarautar Adar da ke Illela ta fito. Yarinyar nan Ba'adara ce gaba da baya, amma ba ta san wannan ba.

Roƙona ɗaya ne: a ware dare ɗaya kowane wata, a gidan matasa da al'adu ko ma a fili a shimfiɗa tabarmi, a riƙa yi wa jama'a lacca kan tarihi da al'adun jiharmu, shiga kyauta. Kuma a yi ta da Hausa, a sa masu fassara zuwa Tamashek da Fulatanci. Tun 2025 hukumar Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In tarihinmu ya ci gaba da zama cikin Faransanci a ɗakin taron da sai mai takardar gayyata ke shiga, me mai sayar da albasa ya ƙaru da shi?

Abin faɗa kuwa ba zai ƙare ba. Maratta, kusa da Galmi, can aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma malaminsa Malam Jibril ɗan Umar mutumin ƙasar nan ne. Mutane na tsallaka iyaka su je ziyara Sakkwato, ba su san tushen yana bayan gidansu ba. Ga kisan gillar da rundunar Faransa ta hafsoshi Bule da Shanuwan ta yi a Birnin Ƙonni a 1899, wanda har yau akwai gidajen da suka gaji labarinsa daga bakin kakanni. Ga zaman Hausawa da Abzinawa da Fulani a bakin rijiya ɗaya, da yadda ake musayar gishiri da dabino da hatsi. Ko aikin raya ƙasa na Keita da aka soma a 1984, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka har fako ya koma gona, ya isa a yi dare guda a kansa, tun da waɗanda suka yi shi suna nan da ransu.

Masana muna da su. Jami'armu sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, masanin da ya bi diddigin tarihin Adar da na Abzin. Sai dai ina roƙo kada a bar dandalin ga daktoci kaɗai. A zaunar da maroƙin fada kusa da su, da makaɗi, da maƙeri, da tsohuwar da ta san waƙoƙin niƙa. Akwai wani dattijo maƙwabcina da yake jero sunayen masu garinsu ɗaya bayan ɗaya yana lissafi da yatsu, har ya faɗi wanda aka yi yunwa a zamaninsa. Kullum ina cewa gobe zan zo da rakoda. Ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa, kuma ban ɗauki ko kalma ɗaya ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Kuɗin da za a kashe kaɗan ne: lasifika, kujeru, da na motar dattawan da za a ɗauko daga ƙauye. A naɗi kowane zama, a ba gidajen rediyon karkara su watsa, a tura wa ƴan ci-ranimmu na Abijan da Libiya ta WhatsApp, a kuma ajiye kwafi a jami'a.

Ranka ya daɗe, in ka ba da izini a soma kafin sanyi ya wuce, ni da abokaina tsofaffin malamai za mu zagaya ƙauyuka mu rubuto sunayen dattawan da ya kamata a fara gayyata.

Wassalam,
Wani tsohon malamin lakkwal, Tawa