Kun zaga duniya, kun tsallake Dala

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Laraba kan yadda addini ke riƙe da mutanen da ya ɓata mini rai. Baƙon naku ya san karatunsa, ban musa ba. Ya kai mu Masar inda ake ɗaukar Fir'auna abin bauta, ya kai mu Indiya inda Sarki Ashoka ya rungumi addinin Buddha bayan jinin da aka zubar a yaƙin Kalinga, har Farisa da gidajen wutarsu ya leƙa. Amma da wani bawan Allah ya bugo waya ya ce ƙasar Hausa fa, sai aka ce lokaci ya ƙure. Haba!

Ga dutsen Dala nan a cikin Kano. A can Barbushe, jagoran tsafin Kanawan da, yake shiga wurin gunkinsu Tsumburbura sau ɗaya a shekara, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekarar za ta zo da shi, kuma maganarsa ita ce doka. In ana neman yadda addini ke riƙe da mutanen da, ina misalin da ya fi wannan kusa da mu? Sannan Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau a 1349. A zamanin Muhammadu Rumfa kuwa, 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta wa sarki yadda ake mulki bisa shari'a. Ko kalma ɗaya ba mu ji ba.

Ni malamin firamare ne. Ɗalibaina sun san Fir'auna tun daga makarantar allo, amma da na ambaci Barbushe a aji, wani yaro ya ce ai unguwa ce. Ga Maguzawa muna cin kasuwa ɗaya da su, muna sayen dawarsu, yaranmu ba su san daga ina al'adarsu ta taso ba. Kada wani ya ce ina kiran a koma tsafi, Allah ya tsare. Sanin inda aka fito nake nufi.

Sai kuma tallan maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da shi. Mutum na zaune da iyalinsa a tsakar gida, sai dai ya yi sauri ya rage murya. Don Allah ku duba.

Naku mai sauraro,
daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, Jigawa.