Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya: a dawo mana da labarin abin da aka gano

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Na rubuto tun hunturu bai kankama ba, don duk wanda ya girma a nan ya san abin da ke biyo ƙura idan iska ta juyo.

Shekarar da sankarau ya shiga Dungas, ɗan ƙanena mai shekara bakwai ya kwana da zazzaɓi, da gari ya waye wuyansa ya sanƙare, in an ce ya sunkuyar da kai sai ya ƙwalla ƙara. Muka kai shi likita. Ni na riƙe masa ƙafafu, aka naɗe shi gwiwa na taɓa haɓa, aka soka allura a gadon bayansa aka ɗebi ruwa a 'yar kwalba. Ruwan da ya kamata ya fito garau sai ya fito kamar an ɗiga masa nono. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Yaro ya tashi, sai dai kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Har yau ubansa kan tambaye ni: "Yaya, wai me suka gani a ruwan nan?" Ba ni da amsa.

Wani zai ce to mene ne amfanin sanin, tun da an yi magani? Amfanin babba ne. A 2010 ƙasarmu Nijar na cikin ƙasashe uku na farko, tare da Mali da Burkina Faso, da aka yi wa jama'a rigakafin MenAfriVac, allurar sankarau nau'in A, kuma wannan nau'in ya kusan ɓacewa. Sai a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya kama mutane kusan 8,500, ya kashe fiye da 500. A bakin mai shayi da wurin suna, abin da mutane suka riƙa cewa shi ne: "Ai an yi mana allura, ga ta nan ta dawo, ashe ruwa aka ɗura mana." Da wanda ya kawo allurar ya dawo ya ce wannan wata ƙwaya ce daban, waccan allurar ta yi aikinta, da jita-jita ba ta samu wurin zama ba. Inda aka yi shiru, nan mai ƙarya ke shimfiɗa tabarma, kuma mu malamai mu ke shan wahalar lallashin iyaye ranar da masu rigakafi suka zo makaranta.

Ba wai ba a binciken ba ne. Cibiyar CERMES da ke Yamai ta daɗe tana gwada irin wannan ruwa, kuma masananta ne suka bayyana wa duniya yawaitar nau'in X a ƙasar nan a 2006. Yau sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, har da X a cikinta. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa cewa daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an samu mutum 559 da sankarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi shan wuya. A intanet na karanta wannan, da harshen Nasara. Ke nan labarin ya isa Janeba, hedkwatar hukumar, amma bai isa zauren mai garin da aka ɗebi ruwan 'ya'yansa ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Roƙona, ranka ya daɗe, daga Disamba har saukar damina, a riƙa fitar da bayani kowane mako, gunduma-gunduma: nawa suka kamu, wace ƙwaya aka gano, ina aka kusa kai mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, wato mizanin da ake cewa annoba ta tabbata. A karanta shi da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci a gidajen rediyon karkara, a miƙa wa limamai kafin Juma'a, a kai fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. Ba sunan kowa za a faɗa ba, lissafi ne kawai. Ɗaliban likitanci na jami'armu ma su samu alƙaluman su yi nazari a kai.

A kuma buɗe ƙofa da maƙwabta. Wanda ya ci kasuwar Maigatari da safe yana iya kwana a Dungas. Sankarau na 2023 ya taɓa Jigawa, mashaƙo ya addabi Kano kafin mu ji shi a Matamai. Ma'aikacin lafiya na Magarya ya kamata ya san abin da na Ɓaɓura ya gani a makon nan, ba sai takarda ta zagaya ta Yamai da Abuja ba.

Na san abin da ke sa hukumomi ɗari-ɗari. A Nuwamba 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da nau'in korona na Omicron, sakayyar da suka samu ita ce ƙasashe suka rufe musu hanyar jiragen sama. Wannan zalunci ne, kuma ya dace ku faɗa a duk taron da kuka je. Amma a Janairu 2020 wani masani a Shanghai ya saki bayanan ƙwayar korona ga kowa, cikin 'yan kwanaki aka fara tsara allura da kayan gwaji a ƙasashe daban-daban. Mu da allurarmu sai an roƙo ta daga waje, kowane mako na ɓoyo yara ne za mu binne.

Ɗan ƙanena yanzu a layin gaba yake zama a aji, yana karkata kunnen dama wajen malami. Ina roƙon a sa doka: duk uban da aka ɗebi ruwan bayan ɗansa, a neme shi a gaya masa abin da aka gani, ko da ta wayar mai unguwa ce.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Malamin makaranta, unguwar Zango, Damagaram